Kajina lafiyarsu ƙalau, me yasa sai an gwada su kafin in fitar da ƙwai waje?

Wani ɗan'uwa mai gonar iyayen kaji ne ya yi wannan tambaya, yace yana so ya fara kai ƙwan ƙyanƙyasa da 'yan tsaki wata ƙasa, amma masu sayen sun jero masa takardun gwaji kamar ba za su ƙare ba, alhali kajinsa suna ci suna sha suna ƙwai, rigakafi bai taɓa wuce shi ba, in ma ya ji wata tana atishawa take yake zuba magani a ruwa. Sannan ya ƙara da cewa me ya haɗa shi da cutar da ta ɓulla a gonar wani can nesa da har za a ce an rufe masa kasuwa.

Toh Malam, bari in fara da inda nake ganin matsalar take. Wannan magani da kace kana zubawa a ruwa da zarar ka ji atishawa, a gonar kajin nama za a iya cewa dabara ce, sati shida ko bakwai an kwashe su an wuce wurin, amma a gonar iyaye shi ne babban abin da zai hana ka fita waje. Kaza mai kama da lafiya daban, kazar da aka tabbatar ba ta ɗauke da cuta daban, kuma ƙasar da za ta karɓi kayanka wannan ta biyun take saye. Jami'in da ke zaune a filin jirgin sama bai taɓa ganin gonarka ba kuma ba zai gani ba, abin da ke gabansa takarda ce da sa hannun likitan dabbobi na gwamnatin ƙasarka, in takardar nan ba ta da gwaji da tarihi a bayanta toh kwalin 'yan tsakinka ko komawa zai yi ko a hallaka shi a nan.

Dalilin wannan tsanani kuwa yana cikin yadda harkar take a jere. Can sama akwai kajin asali da manyan kamfanoni ke zaɓe suna haɗawa, daga su sai iyayen kakanni, sai kakanni, sai iyaye irin naka, sai kuma kajin nama ko na ƙwai da kowa ke kiwo. Daga sama zuwa ƙasa ana ɗaukar kusan shekara 4, kuma kowane mataki ninkawa yake, uwa ɗaya ta kajin nama tana iya bada 'yan tsaki sama da 100 a zangon ƙwanta. Kamfanonin da ke riƙe da saman nan ba su da yawa, a kajin nama Aviagen mai Ross da kuma Cobb su ne manya, a na ƙwai akwai Hendrix Genetics mai ISA da EW Group mai Lohmann da Hy-Line. Kaga kenan ɗaki ɗaya a sama in ya kamu, abin da zai sauko miliyoyin kaji ne a ƙasashe da dama, shi yasa ido yake kan iyaye fiye da kowa.

Kuma akwai cututtukan da ba sa buƙatar iska ko takalmi ko mota, ta cikin ƙwai suke bi daga uwa zuwa ɗa. Na farko a tarihi ita ce fulorum, mai sa 'yan tsaki farin zawo da ke manne musu a dubura su yi ta mutuwa a satin farko da na biyu, uwar kuwa tana nan garau tana cin abincinta, ƙwayar tana zaune a mahaifarta. Saboda ita Amurka ta kafa shirin inganta kiwon kaji na ƙasa, NPIP, a 1935, lokacin da cutar ke iya kashe har kashi 80 cikin 100 na 'yan tsakin da aka ƙyanƙyashe, kuma ba da magani suka ci ƙarfinta ba, jini suke ɗiga a faranti a haɗa da ruwan gwaji, wadda jininta ya dunƙule a cire ta daga garke, shekara da shekaru ana haka har gonakin kasuwanci suka tsarkaka. 'Yar'uwarta ita ce taifot ɗin kaji, ita tafi kama manya. Sai Salmonela Enteritidis wadda sau da yawa ba ta nuna komai a jikin kaza amma tana shiga ƙwai ta cutar da mutum. Sai lukosis, bairos mai kawo ƙari a hanta da saifa, ba shi da magani ba shi da rigakafi, gwaji da cirewa kawai.

Maikoplasma ita ce nake so ka tsaya a kanta sosai domin ita ce mai atishawar nan taka a mafi yawan lokuta. Iri biyu ne ke damun kaji, galiseptikum mai kawo mura da tari da kumburin fuska, da sinobiye mai kumbura gaɓoɓi ta kuma lalata bakin ɓawon ƙwai, talotalo kuma yana da tasa. Ƙwayar ba ta da bango a jikinta shi yasa magunguna irin su fenisilin ba sa mata komai, su tailosin da tiyamulin suna danne ta, kaji su daina tari, ƙwai ya dawo, mai gona ya ce alhamdulillahi an warke. Ba a warke ba. Kazar da ta kamu tana ɗauke da ita har ta mutu, kuma da zarar zafi ya matsa ko an canza abinci ko sun kai ƙololuwar ƙwai sai ta farfaɗo ta ci gaba da zubewa cikin ƙwai, ba kowane ƙwai ba, kaɗan ne, amma kaɗan ɗin ya isa domin a cikin injin ƙyanƙyasa ɗan tsako ɗaya zai shafa wa sauran. Mai saye a can ƙasar zai ga kajinsa sun fara tari a sati na uku ko na huɗu, ya kai samfur ɗakin gwaji, a bi sawu a dawo kanka. Daga nan ba sunanka kaɗai ya ɓaci ba, sa hannun likitan gwamnatin da ya ba ka satifiket ma ya zama abin shakka, kuma wannan ya shafi duk wani mai fitar da kaya daga ƙasarku. Wallahi wannan shi ne abin da yafi ci min rai a harkar nan, mutum ɗaya ya ɓoye abu da magani, mutum hamsin masu gaskiya su biya. Tarayyar Turai ma ta haramta amfani da maganin kashe ƙwayoyin cuta a matsayin hanyar shawo kan salmonela a garken kaji, saboda ɓoyewa yake, ba cirewa ba, ga kuma ƙwayoyin da ke koyon jure magani.

Yanzu maganar gonar wani can nesa. Hukumar lafiyar dabbobi ta duniya, wadda aka kafa a 1924 da sunan OIE, tun 2022 ake ce mata WOAH, hedikwatarta a Faris, ita ke rubuta ƙa'idojin da ƙasashe ke kallo, kuma yarjejeniyar SPS, wato ta kare lafiyar mutum da dabba da tsiro a harkar ciniki, ta ƙungiyar cinikayya ta duniya da ta fara aiki a 1995 ta amince da ita a matsayin ma'auni. A ƙa'idarta, murar tsuntsaye mai tsanani da Niyukasal cututtuka ne na dole a sanar, in sun ɓulla sabo ƙasa tana da awa 24 ta shigar da rahoto. Matsayin "babu cuta" kuma tun asali na ƙasa ne ko na yanki, ba na mutum ɗaya ba, don haka in aka samu a wata gonar kasuwanci matsayin ya faɗi da kowa a ciki. A murar tsuntsaye, kafin a dawo da shi sai an hallaka kajin da abin ya shafa, an wanke an feshe wurin, an jira kwana 28 ba tare da sabuwar ɓulla ba, ana kuma sa ido da gwaji. A da wata 3 ne, a 2021 aka rage.

Amma kwana 28 ɗin nan a takarda ne, mai saye shi ke da ƙofarsa. A 2015 murar tsuntsaye ta ci kaji da talotalo kusan miliyan 50 a Amurka, Sin ta rufe ƙofa ga kajin Amurka tun watan Janairun shekarar, ba ta buɗe wa naman ba sai Nuwamban 2019, kuma abin ya dawo kan ita Sin ɗin ma domin daga can take sayo yawancin kakannin kajin namanta. Ga kuma Birazil, wadda tafi kowa fitar da naman kaji a duniya, ta daɗe ba a samu cutar a gonar kasuwanci ba, sai watan Mayun 2025 ta ɓulla a garin Montenegro na jihar Rio Grande do Sul, kuma ka san wace irin gona ce? Ta iyayen kaji, irin taka. Sai da aka bi ƙwan da ya fita daga gonar har wasu jihohi aka lalata shi. Sin da Tarayyar Turai suka dakatar da ƙasar baki ɗaya, wasu irin su Japan suka taƙaita kan yankin kawai saboda akwai yarjejeniya a ƙasa tun kafin abin ya faru. A watan Yuni Birazil ta sanar ta dawo da matsayinta, amma wasu masu sayen sai da suka ƙara watanni kafin su buɗe.

Bambancin nan tsakanin wanda ya rufe ƙasa duka da wanda ya rufe yanki shi ne abin da ya kamata ƙungiyoyin masu kiwo su matsa wa hukumominsu a kai tun ana zaman lafiya. Tsarin yanki shi ne a zana iyaka a kewaye da inda cutar take, a Turai kilomita 3 na kariya da kilomita 10 na sa ido, waje da nan a ci gaba da ciniki. Akwai kuma tsarin da ake kira kwampatmen, wanda kusan domin masu iyayen kaji aka yi shi, a nan ba taswira ake kallo ba, tsarin gudanarwa ake kallo, gonaki da gidan ƙyanƙyasa da wurin haɗa abinci da motoci duk suna ƙarƙashin ƙa'idar tsaro guda, hukuma ta bincika ta tabbatar, ta yadda ko cuta ta shiga ƙasar wannan rukunin zai iya ci gaba da fitarwa. Birtaniya da Amurka da Birazil duk suna da shi ga manyan kamfanonin iri. Sai dai yana da tsada ƙwarai, kuma in ƙasar da ke saye ba ta amince da shi ba tun farko, ranar da cuta ta ɓulla ba zai yi maka amfanin komai ba.

Kace rigakafi bai taɓa wuce ka ba, madalla, na Marek a ranar ƙyanƙyasa, na Niyukasal, na Gumboro, na mashaƙo, duk ka ci gaba domin garkuwar uwa ce ke bin gwaiduwa ta kare ɗan tsako a kwanakin farko. Amma ka sani wani rigakafin yana rikita gwaji. In ka yi wa garke rigakafin maikoplasma, gwajin jini zai nuna alama, kai kace ta rigakafi ce mai saye yace ta cuta ce, sai an shiga gwajin PCR mai bambancewa, wasu ƙasashen ma ba sa karɓar iri daga garken da aka yi wa kwata-kwata. Na murar tsuntsaye ya fi haka rikici, kaza mai rigakafi tana iya ɗaukar bairos ba ta mutu ba ta ci gaba da zubar da shi a ɓoye. Faransa ta fara yi wa agwagwinta a watan Oktoban 2023, nan take Amurka da Japan suka sa takunkumi kan kajin Faransa. Ni ban ga laifin rigakafin ba in ana bin sa da gwaji akai-akai, cutar ta zama ruwan dare a tsuntsayen daji tun bayan da nau'inta na H5N1 da ake fama da shi ya fara bayyana a jikin dinya a lardin Guangdong a 1996 ya bazu Asiya da Turai da Afirka har ya kai nahiyar Amurka, kashe garke kaɗai ba zai ishe mu har abada ba. Abin da nake ce maka kawai, kar ka tsira wa garken fitarwa wata allura sai ka karanta sharuɗɗan ƙasar da za ka kai.

Gwajin kansa ba na rana ɗaya bane. A Turai garken iyaye ana ɗaukar samfurin salmonela tun suna kwana ɗaya, sai a sati 4, sai sati 2 kafin a kai su ɗakin ƙwai, sannan duk sati 2 a lokacin ƙwai, kuma burin da suka sa shi ne garken da ke ɗauke da manyan nau'o'i 5 kar su wuce kashi 1 cikin 100. Yawanci safa ake sa wa takalmi a zaga ɗakin ta kwaso kashi a kai ɗakin gwaji. Na jini kuma yawan samfur yana da lissafi, in ka ɗebi kaji 60 a warwatse cikin babban garke, kana da tabbacin kusan kashi 95 na kama cutar da ta shafi kashi 5 na garken. In ka ɗebi 10 daga bakin ƙofa, kuma ka zaɓi masu ƙiba, kanka ka yaudara. Kuma duk nau'in murar tsuntsaye na H5 ko H7 da gwaji ya nuna, ko kaji ba sa mutuwa, kar a raina shi, mai sauƙin nan yana iya rikiɗa ya zama mai tsanani a cikin garke.

Tsaron gona kuwa ba baho mai ruwan magani a bakin ƙofa bane, wanda ya kwana uku rana ta dake shi ga taɓo a ciki. A gonar iyaye ta gaske ma'aikaci yana cire kayan gida, yayi wanka, ya sa kayan gona, kowane ɗaki da takalminsa, kuma ba ya kiwon kaza ko agwagwa ko tattabara a gidansa, wannan sharaɗin ɗaukar aiki ne. Baƙo ba ya shiga sai dole, in ma dole ne sai ya yi kamar kwana 3 bai je kusa da wasu tsuntsaye ba ya kuma sa hannu a littafi. Shekarun kaji ɗaya a gona ɗaya, a shigar da su tare a fitar da su tare, domin in kana da tsofaffi da ƙanana a wuri guda maikoplasma ba za ta taɓa barin gonar ba, tsofaffi na miƙa wa sababbi. Raga a kowace kafa don kar tsuntsun daji ya shiga, ruwan sha daga rijiyar burtsatse ko wanda aka sa wa kulorin, ba daga tafkin da agwagin daji ke sauka ba. Abinci a dafa shi da zafi wurin haɗawa domin salmonela tana yawan shigowa ta buhu. Sai ɓera, wanda mutane ke rainawa, ka wanke ɗaki fes ka feshe ka bar shi sati biyu, ɓerayen da ke cikin rufi su dawo su zuba kashi a mazubin abinci, sabon garke ya kamu da irin salmonelar da tsohon ya bari. Haka baƙin ƙwaron nan da ke ɓuya cikin shimfiɗa.

Ƙwai a riƙa kwashe shi sau da yawa a rana, wanda aka yi a ƙasa ko mai kashi a jiki kar ya shiga na ƙyanƙyasa ko kaɗan, domin lokacin da ƙwai ke hucewa bayan an saka shi yana zuƙo abin da ke kan ɓawo ta ƙananan ramukansa. A tsabtace shi da wuri, a ajiye a sanyi kamar digiri 15 zuwa 18, kar a bari ya yi gumi. A gidan ƙyanƙyasa tafiya hanya ɗaya ce, daga ɗakin ƙwai zuwa injin ɗumama na kwana 18, zuwa na ƙyanƙyasa na kwana 3, zuwa ɗakin 'yan tsaki, ba a dawowa baya, mutum ko iska ko tire. Kuskuren da ke kashe masu fitarwa a nan shi ne karɓar ƙwan wasu gonaki a cika inji don kar ya yi aiki rabi, ƙwai daga garken da ba a gwada ba in ya shiga injin, duk abin da ya fito ya sauka zuwa matsayinsa.

Sannan rubutu. Kowane tire na ƙwai a san daga wane ɗaki ya fito da wace rana, kowane kwalin 'yan tsaki a san inda ya tafi, mace-macen kullum, yawan ruwa da abincin da suka ci, rigakafi da lambar kwalbarsa. Sau da yawa raguwar shan ruwa ko faɗuwar ƙwai ita ce ke fara nuna matsala kafin a ga gawa. In ka wayi gari ka ga mutuwa ba irin ta kullum ba, tukkunsu sun yi shuɗi, fuska ta kumbura, ka tsayar da duk fita da shiga ka kira likitan hukuma a ranar, kar ka saida, kar ka kwashe su zuwa wata gona. Na san abu ne mai ciwo mutum ya kira waɗanda za su iya hallaka masa garke, shi yasa nake ganin biyan diyya cikin gaggawa wajibi ne a kan kowace gwamnatin da ke son a riƙa gaya mata gaskiya.

Abin da zan ce ka fara da shi, ka dakatar da maganin ruwan nan, ka bari likita ya ɗebi jini da samfurin maƙogwaro da na kashi ya gaya maka ainihin matsayin garkenka. In ya fito da maikoplasma ko fulorum, wannan garken ba na fitarwa bane, ka ƙarasa zangonsa, ka wanke, ka sayo sabon iri daga inda ke da satifiket ka fara tarihi mai tsabta daga ranar farko. Kafin ka zuba ƙwai ko ɗaya a inji da niyyar waje, ka sa mai sayenka ya karɓo izinin shigo da kaya daga hukumar dabbobin ƙasarsa tare da samfurin satifiket ɗin da suke so, ka kai wa hukumar ƙasarka ta duba ko za ta iya sa hannu a kowane layi, domin wasu gwaje-gwajen suna da wa'adin kwanaki kafin tafiya. Ka kuma tsara jirgi da kyau, ɗan tsako yana rayuwa ne da ragowar gwaiduwar cikinsa na kusan awa 72, kuma in jirgin zai yada zango a wata ƙasa ka bincika matsayinta ita ma, wasu masu sayen suna ƙin kayan da ya ratsa ta inda ake fama da murar tsuntsaye ko da ba a buɗe kwalin ba.